Kafin Ruwan Farko Ya Sauka: Yadda Unguwa Za Ta Tsare Rafinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan wata gada ta rafin Jakara ranar da aka yi ruwan farko na shekara ya san abin da zan yi magana a kai. Minti goma da tsinkewar ruwa, rafin da jiya yake tafiya siriri sai ya cika ya batse, baƙi ƙirin, ledoji da robobi da tsummoki na tsere a kansa, wari na tashi wanda ko ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa ba ya danne shi. Mutane kan ce gari ya yi wanka. To, ruwan wankan nan yana da inda yake zuwa, kuma akwai masu jiransa a can.

Jakara na tasowa ne daga cikin birnin Kano, ta gefen Kasuwar Kurmi, ya ratsa ta Fagge da gefen Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas. A hanya yakan haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan da ke fitowa daga yankin masana'antu na Bompai, daga nan su zarce tare zuwa madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. A gaɓarsa, wajejen Kwakwaci da Nomansland da Gama, 'yan lambu na jan wannan ruwa suna bai wa latas da alayyafo da kabeji da karas, kayan kuma su dawo kasuwannin gari. A madatsar akwai masunta, akwai makiyaya masu shayar da dabbobi. Ke nan abin da ka tura ta rariyar gidanka zagayowa yake yi ya dawo maka a faranti.

Rafin ba baƙo ba ne a tarihin garin. Tsoffin labaran Kano sun ambaci kurmin Jakara tun zamanin Barbushe, kuma lokacin da ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo birnin a 1824 ya tarar da fadama ta raba gari biyu, kasuwa na ci a kan tudun da ke tsakani. Wannan fadama da kududdufan birni su ne ke shanye ruwan damina a da, su riƙe shi, ya dinga tsatsafowa a hankali. Yau an cike mafi yawansu an yi gini. Na ɗauki Jakara ne misali don shi na sani, amma duk garin da ke da rafi a tsakiyarsa, matakan da zan kawo za su yi masa aiki.

Inda dauɗar take fitowa

Ruwan sama da tsabtarsa yake saukowa, in ban da 'yar ƙurar da ya kwaso a iska. A ƙasa yake ɗaukar kaya. Daga Oktoba zuwa Mayu, kusan wata bakwai, ba ruwan da ke wanke titi a Kano. Duk tsawon lokacin nan ƙurar hunturu na kwanciya a kan kwano, baƙin mai na ɗiga a garejin makanikai, kashin tumaki da awaki na taruwa a lunguna, ledar fiya wata na cika kwata, yashin masu gini na jibge a bakin titi, toka da ɓawon rake da ruwan wanke-wanke na bushewa a lambatu. Ruwan farko shi ke kwashe tarin wata bakwai cikin rabin awa. Shi ya sa ya fi kowane ruwa na shekara dauɗa, kuma ko a tsakiyar damina, mintocin farko na kowane ruwa sun fi na ƙarshe ƙazanta.

Sai batun yawa, wanda lissafinsa mai sauƙi ne. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, lita 3,000 za ta zubo daga indararonsa, wato duro 15 ko jarka 120. A ƙasa mai rairayi da ciyawa mafi yawan wannan ruwa nitsewa yake yi. A kan kwano da kwalta da siminti kuwa, kashi takwas zuwa tara cikin goma gudu yake yi ya fita waje. Yanzu ka ƙirga gidajen layinku da aka malale tsakar gidansu da siminti har bakin ƙofa, ka ga irin ƙarfin da ruwa ke samu na ɗaukar duk abin da ya tarar.

Illar da ido ba ya gani ta fi ta leda. Jini da kashi da ragowar abinci in sun shiga rafi ruɓewa suke yi, ruɓewar kuma na cinye iskar da ke narke a cikin ruwa, wadda kifi ke rayuwa da ita. Daga nan ruwa ya yi baƙi, ya kama warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba-haya na kawo ƙwayoyin kwalara da taifod da tsutsar ciki. Tun 2011 ma'aikatan lafiya ke ɗibar ruwan wasu magudanan Kano suna neman ƙwayar shan-inna a ciki, kuma dalilin da ya sa dabarar ke aiki shi ne abin da ke fita daga cikin mutane yana isa magudanan. Sai dalma daga tsoffin batura da sauran ƙarafa masu guba daga baƙin mai da ruwan jima, waɗanda ba sa ruɓewa. A laka suke kwanciya, su shiga ƙasar lambu, su yi shekaru.

Ku fara da tafiya a ƙasa, da rani

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba a fara shi da shebur. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku zama kwamiti, ku sanar da mai unguwa, in da hali ya haɗa ku da wakilinsa, don za ku leƙa bayan gidajen mutane da wuraren sana'arsu. Ku zaɓi wata safiya a Maris ko Afrilu. Ku fara daga inda lambatun unguwarku ke faɗawa rafi, ku bi shi sama, reshe-reshe, har inda ya fara. Mutum ɗaya ya riƙe littafi yana zana taswira da hannu, wani yana ɗaukar hoto da waya.

Hikimar yin wannan zagaye da rani ita ce, duk ruwan da kuka gani yana gudu a kwata alhali an yi wata biyar ba a yi ruwan sama ba, daga wani gida ko wata sana'a ya fito. Ruwa ba ya tsami banza. Ku bi shi har tushensa. Ku sa alama a taswira inda bututun ban-ɗaki ya fito kai tsaye zuwa kwata, da inda juji ya zauna a bakin lambatu, da gareji, da wurin wankin mota, da masu rini, da wurin yanka da fiɗa, da turken dabbobi, da inda aka jibge yashi. Ku duba kowane kwalbati ku ga ko rabinsa ya cike. Ku tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya saba tsayawa da inda kududdufi yake a da, don ruwa ba ya manta hanyarsa ko an gina bene a kai.

Idan kun gama za ku ga abin da na gani a duk inda aka yi irin wannan zagaye: wurare biyar ko shida ne ke kawo mafi yawan ɓarnar. Su za ku sa a gaba.

Karanta ruwa da ido da hanci

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin tsarki ya san ana gane ruwan da ya jirkita ta launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa. Biyun farko sun ishe mu a nan. Kada kowa ya kai wannan ruwa bakinsa. Ku tanadi fararen robobi na ruwan sha masu girma ɗaya da bokiti mai igiya. Ku ɗebi ruwa sau uku a wuri guda: kafin ruwan sama, da minti goma sha biyar bayan ya fara gudu a kwata, da bayan kamar awa ɗaya. Babba ne zai ɗeba, daga kan gada ko tudu, ba a shiga ciki. Ku rubuta rana da lokaci a jikin kowace roba, ku ajiye ta kwana ba a motsa ta ba. Da safe ku auna kaurin lakar da ta kwanta a gindi da abin awo na 'yan makaranta, ku duba ko maiƙo ya taso sama.

In kuka yi haka a bakin kowane reshe na lambatu, robobin da kansu za su nuna layin da ya fi kawo dauɗa, kuma jera su a gaban taron unguwa ya fi dogon jawabi tasiri.

Akwai wasu alamomi da ya kamata a sani. Ja-ja ko ruwan ƙasa zaizaya ce da yashin gini. Toka-toka mai kumfa fari da ƙamshin omo ruwan wanki ne. Kore shar da gansakuka na nuna taki ko ba-haya ya yi yawa. In kun ga wani sheƙi mai launuka a saman ruwa, ku taɓa shi da kara: in ya ware ya sake haɗewa mai ne, in ya farfashe ya tsaya gutsi-gutsi to na ƙananan halittu ne, ba abin damuwa ba. Halittun cikin rafi su ma shaida ne. Inda ba kwa ganin komai sai jajayen tsutsotsi a laka, iska ta ƙare a wurin. Inda talibambam da ƙananan kifaye suke, mazari na shawagi, da sauran rai.

Ido da hanci ba sa gano dalma ko ƙwayar cuta. Wannan sai ɗakin gwaji. Jami'ar Bayero na da sassan kimiyyar sinadarai da na ƙananan halittu da na labarin ƙasa, kuma ɗalibai sun daɗe suna bincike a kan Jakara. Unguwar da ta je da taswira da wasiƙar mai unguwa ta fi samun mai sauraronta.

Yashe kwata, da kuskuren da ke ɓata aikin

A nan zan daɗe, don a nan ne muke zubar da guminmu a banza kowace shekara.

Lokacin yashe kwata shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa da gaske. A lokacin laka ta bushe ko ta yi kauri, ta fi sauƙin ɗauka, wari ya ragu. In aka bari sai ruwa ya shiga gidaje a Agusta, an makara: abin da ake so a hana shiga rafi ya riga ya isa Wasai. Ana farawa ne daga ƙasa, wato daga bakin rafi ko babban lambatu, a yi sama. Wanda ya fara daga sama zai sako ruwan da ke tare ya afka wa inda yake toshe, ya malale titi.

Kayan aiki ba su da yawa: shebur, manjagara, diga, baro, tsoffin buhuna, dogon ƙarfe mai lanƙwasa a kai na jawo leda daga kwalbati. Kowane mai shiga kwata sai da takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri, don ciki akwai fasassun kwalabe da reza da alluran da aka yar. Mai rauni a ƙafa ko hannu ya tsaya a waje ya tura baro. Yara ba sa shiga. Wanda ƙarfe ya yanka a wanke da sabulu a kai shi asibiti a ranar. Kuma ina roƙonku, kada wani ya kutsa kai cikin rufaffen lambatu ko dogon kwalbati. Iskar da ke taruwa a irin waɗannan wurare na sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a ciki yake zama. A ɗaga murafe, a bari ya sha iska, a yi aiki daga sama da dogon ƙarfe.

Kuskuren shi ne tara laka a bakin kwata. Kowa ya san hoton: an yi aikin gayya ranar Asabar, majiya ƙarfi sun yi gumi, baƙar laka ta jeru tsibi-tsibi a gefen titi, an watse. Awaki su tona, babura su tattake, iska ta kwashe ledojin, rana ta busar da sauran ya koma ƙurar da ke sauka a kan tsire da awarar masu talla. Ruwa na sauka, duk ta koma inda ta fito, kuma wannan karon a sake take, ta fi saurin tafiya rafi. Mun yi haka a layinmu wata shekara. Mun yashe kwata tun daga masallaci har bakin titi, muka zauna jiran motar da aka yi mana alkawari, kwana tara ba ta zo ba, a daren na goma aka kwana ana ruwa. Da safe kamar ba a taɓa sa shebur a wurin ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma tun daga lokacin ban ƙara yarda a fara yasa ba sai abin ɗauka na tsaye.

Don haka tsarin shi ne a nemi mota kafin a nemi shebur. Ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma da wuri, ku sa rana. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ta dace. Amma ku yi karo-karo ku tanadi kuɗin tifa ko masu kura na kanku, ko da motar hukuma ba ta samu zuwa ba. Ku raba layi gida-gida, ku yashe iya abin da za a iya kwashewa a ranar. Gara a gama mita hamsin tsaf da a buɗe mita ɗari biyu a bar ta a titi. In laka ta yi ruwa da yawa, a zuba a buhu a jingine, ruwan ya tsiyaye cikin kwata, a ɗauke washegari. Robobi da gwangwanaye da ƙarfe a ware wa 'yan bola jari, za su zo da kansu. Lakar kuwa juji na hukuma za ta. Kada a zuba ta a kududdufi ko gaɓar rafi, kada kuma a sayar wa manomi da sunan taki in layin na da gareji ko masu gyaran batir.

Tarko biyu a ƙarshen layi

Bayan an yashe, sai a yi abin da zai tare sabuwar dauɗa. Na farko ragar ƙarfe ce. A sa mai walda ya haɗa rodi a jere, tazarar yatsu uku tsakani, a kafa ta a kwata kafin kwalbati, a kishingiɗe ba a tsaye cak ba, don shara ta dinga hawa sama ruwa na wucewa ta ƙasa. A bar sarari a samanta yadda in ta toshe ruwa zai haura ya ci gaba da bin kwata. A dasa ƙafafunta cikin siminti saboda masu sayen ƙarfe. Na biyu ramin tare yashi ne: a gaban ragar a zurfafa gindin kwata kamar rabin mita, tsawon mita ɗaya ko biyu, a shafe da siminti. Ruwa in ya iso nan sai ya rage gudu, yashi da laka su kwanta.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai nauyi. Dole a sami mutum takamaimai da zai kwashe ragar bayan kowane ruwa, a riƙa biyansa daga asusun layi. Ragar da ba mai kula da ita madatsa ce, ruwa za ta tura gidajen maƙwabta. In ba ku da wanda zai ɗauki wannan nauyi, kada ku kafa ta.

Abin da kowane gida zai yi

Ruwan da bai fita daga gida ba, ba zai ɗauki komai zuwa rafi ba. A tari na indararo a duro ko tanki. Ruwan farko da na biyu na shekara a bar su su wanke kwano, a karkatar da su gindin bishiya. Daga baya, a kowane ruwa a zubar da kamar lita ɗaya kan kowane murabba'in mita na rufi, wato jarka huɗu ga rufi mai murabba'in mita 100, sannan a juya bututu zuwa tanki. A rufe bakin tanki da raga saboda sauro. Ruwan ya isa wanki da wanka da ban-ruwan shuka. Na sha sai an tafasa ko an sa masa magani.

Mai shirin malale tsakar gida da siminti ya bar ko da kashi ɗaya cikin uku ƙasa ce ko tsakuwa, da bishiya a ciki. Mai fili kuma zai iya haƙa ramin shanye ruwa. A fara gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika da ruwa, in ya shanye a sake cikawa. In na biyun ya kwana ya wuni bai tafi ba, ƙasar ba ta dace ba. In ta dace, a haƙa mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya da rabi zurfi, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama. A sani cewa duwatsu na cinye wuri, irin wannan rami bai wuce ya ɗauki lita 500 a tashi ɗaya ba, don haka a yi masa hanyar da rarar za ta fita. Ya yi nesa da gini da aƙalla mita biyar, in kuma ruwan wanka da wanke-wanke zai shiga ciki, ya yi nesa da rijiya da mita talatin. A cikin tsohon birni, inda gidajen ƙasa suke manne da juna kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, ban ba da shawarar wannan rami ba. Zai jiƙa gindin katanga. Can tanki ya fi.

Masu kiwo su share turke su zuba taki a buhu tun bazara, lokacin da manoma ke nemansa. Kano ta daɗe da wannan ciniki, tun zamanin da jakuna ke shigo da itace su koma ƙauye da taki. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne a bakin damina ko cikinta, don haka kafin a yanka layya a haƙa rami, jini da kayan tumbi su shiga, a rufe da ƙasa.

Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa, amma dole a faɗa. Wasu gidaje na jiran a tsinke da ruwa da dare su buɗe masai ko sokawe su saki cikin kwata, wasu su fito da kwandon shara su juye wa ruwa ya tafi da ita. Wannan ruwa ne yara ke wasa a cikinsa da safe, shi ke shiga gidan wanda ke gangare, shi ke tsatsafawa rijiyoyi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin ba-haya a mashayar mutane da kan hanya da inuwar da ake zama. Ku roƙi limaminku ya yi wa'azi a kai kafin damina. Wanda aka gano kuma a same shi a keɓe, da dattijo ɗaya ko biyu, ba a tsakiyar jama'a ba. Sau da yawa kuɗin motar kwashe masai ne babu, kuma gidaje uku ko huɗu in suka haɗa suka kira ta rana ɗaya, sauƙi na samuwa.

Masu sana'a

Kada ku je wa makanike da faɗa. Ku je masa da abin da zai amfane shi. Baƙin mai kuɗi ne, akwai masu saye. Abin da ake buƙata tire ne a ƙarƙashin mota lokacin juye mai, da duro mai murfi a inuwa, da buhun garin katako na tsane wanda ya zube. Mai gyaran batir ya daina juye ruwan batir a ƙasa, ya tara tsoffin batura a ƙarƙashin rumfa har masu saye su zo. Mai wankin mota ya gina rami mai ɗaki biyu ko uku a jere. Yashi na nitsewa, mai na tasowa, don haka bututun da ke haɗa ɗaki da ɗaki a lanƙwasa bakinsa ƙasa ya ja ruwa daga tsakiya. Duk mako a kwalfe man, a kwashe yashin. Mahauta su tari jini a mazubi, ana dafa shi a busar a haɗa abincin kaji. Mai gini ya kewaye yashinsa da bulo layi ɗaya.

Ruwan masana'anta da na manyan masu rini da soda ya fi ƙarfin kwamitin unguwa. Nan hoto da kwanan wata da robobinku za su yi amfani: a kai ƙorafi a rubuce ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007 don irin wannan, a karɓi shaidar an miƙa, a koma bibiya.

Gaɓar rafi

Inda gaɓa ta rage ba a shafe ta da kankare ba, a kwashe jujin da ke kanta a dasa jema. Saiwarta na nitsewa ƙasa sosai, tana riƙe gaɓa, ganyenta na tace laka da leda kafin ruwa ya faɗa rafi. Ana dasa ta layi-layi a gicciye da gangare, tazarar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, da zarar damina ta zauna, a kare ta daga awaki har ta kama. In da sauran kududdufi a unguwarku, ku tsaya masa. Ku hana zuba shara a ciki, ku kai magana gaban hakimi da hukumar tsara birni in aka fara yanka filaye a bakinsa. An rufe wani sashe na Jakara da titin Wuju-Wuju, aikin da aka fara a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, kuma rufewar na rage wari da zuba shara kai tsaye a inda ta kai. Amma murfi ba ya tace ruwa. Abin da ya shiga ta kwatocin layuka zai fita ta can gaba yadda ya shiga.

'Yan lambu su ma suna da abin yi. Su bar jan ruwa a ranakun da suka biyo bayan ruwan farko. Su haƙa ɗan tafki su bar ruwa ya kwanta kafin ban-ruwa, su zuba a gindi ba a kan ganye ba, su dakata da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin cira in ganyen zai jure, don rana na kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Uwar gida kuma ta wanke duk ganyen da za a ci ɗanye ganye-ganye, da ruwa mai tsabta, sau da dama. Wankewa na rage ƙwayoyin cuta, ba ya fitar da dalmar da shuka ta riga ta zuƙa.

Ku adana littafin taswira da hotunan robobi a wurin sakataren kwamiti. Baɗi a rana irin ta bana, a wuri guda, ku sake ɗiba ku auna kaurin laka. Da haka za ku san ko aikin ya ci, da layin da za a koma wa. Mai karatu, in Afrilu ta kama kwatar ƙofar gidanka na cike, kada ka jira ƙarar tsawa. Ka tafi wurin mai unguwa a makon nan, ku sa rana, ku fara da neman motar da za ta kwashe.